Agogon hannu zai iya auna zogin jijiya ga mai raunin laka?

Injiniya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna a kan wani aiki da masu bincike a Turai da Amurka suka duƙufa a kansa, wato amfani da na'urorin da ake ɗaurawa a jiki, irin su agogon hannu da zobe da ɗamarar ƙirji, domin bin diddigin zogin jijiya ga mutanen da suka samu rauni a laka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka, kuma nazarin da aka tattaro daga ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kusan rabinsu suna fama da zogin jijiya. Yadda ake auna ciwon a yau shi ne likita ya ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 a ranar da ya zo asibiti, alhali ciwon yana tashi yana lafawa dare da rana tsawon watannin da ba ya gaban likita, kuma da wuya mutum ya tuna yadda ya kwana makonni shida da suka wuce.

Agogon yana haska koren haske cikin fata ya karanta kai-komon jini, daga nan ya lissafa bugun zuciya da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Yana da ɓangaren da ke jin motsi, wanda da shi ake gane barci da zirga-zirga. Wasu kuma, irin su Empatica E4 da masu bincike suka yi amfani da shi sosai, suna auna yadda lantarki ke ratsa fata, abin da ke canzawa da zarar mutum ya fara gumi ko da ido bai gan shi ba. Tun da an san cewa ciwo yana tayar da bugun zuciya yana sa gumi, ina ganin nan gaba kaɗan likita zai iya buɗe kwamfuta ya ga daren da ciwon ya tashi ba tare da ya dogara da ƙwaƙwalwar majinyaci ba. Ina neman ra'ayin likitocinmu da na waɗanda lalurar ta shafa.

Likita:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Madalla da wannan batu. Kafin mu kai ga na'ura, ya kamata mu rarrabe ciwon da ake magana a kansa, domin mai raunin laka ba ciwo iri ɗaya yake ji ba. Akwai ciwon tsoka da gaɓɓai, musamman na kafaɗa ga masu tura keke da hannu. Akwai ciwon kayan ciki. Sannan akwai zogin jijiya, wanda ke tasowa daga lalacewar hanyar da ke ɗaukar saƙon ji ita kanta, shi ma kashi biyu ne: wanda ake ji daidai wurin raunin, sau da yawa ya zagaye ƙirji ko ciki, da wanda ake ji ƙasa da wurin raunin, a ƙafafun da ba sa jin taɓawa. Philip Siddall da abokan aikinsa a Sidni ta Ostareliya sun bi majinyata har shekara 5 bayan rauni, suka wallafa a 2003 cewa kashi 81 cikin ɗari suna da ciwo, kashi 41 suna da zogin jijiya a daidai wurin rauni, kashi 34 kuma a ƙasa da shi. Wannan na ƙarshe yakan makara kafin ya bayyana, wani lokaci watanni, wani lokaci shekaru.

Inda nake da ja da kai shi ne nan. Duk abin da ka lissafa, bugun zuciya da gumi da ɗumin fata, jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin mutum ba ne suke sarrafa su, kuma reshen da ke zaburar da jiki lokacin tsoro ko ciwo daga cikin laka yake fitowa, daga gaɓar ƙirji ta farko, T1, zuwa wajen gaɓar ƙugu ta biyu, L2. Jijiyoyin da ke hanzarta zuciya suna fitowa ne daga gaɓoɓin ƙirji na sama. Idan mutum ya karye a wuya lakar ta yanke gaba ɗaya, saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa waɗannan gaɓoɓin, shi ya sa ko motsa jiki yake yi iya ƙarfinsa bugun zuciyarsa ba kasafai yake wuce 120 zuwa 130 a minti ba, tafin hannunsa kuma ba ya gumin firgita yadda na mai lafiya ke yi. Ma'ana, hanyar da agogon yake saurare ita ce raunin ya katse. Mutum zai iya kasancewa cikin azaba, agogon yana nuna jiki a kwance.

Akwai kuma bambanci tsakanin ciwon nan take da ciwon da ya zauna. Idan aka tsira wa mutum allura zuciyarsa za ta buga da sauri na ɗan lokaci. Wanda ya shekara goma da zogi kuwa jikinsa ba ya firgita kullum, ko da lakarsa lafiya take.

Malamin Makaranta:
Allah ya saka da alheri, Likita. Ni ina cikin waɗanda ake magana a kansu, domin haɗarin mota ya taɓa mini laka a tsakiyar baya, kuma tun daga lokacin a keke nake. Ina so Injiniya ya san cewa akwai dalilin da ya sa irinmu muke ɗokin wannan na'ura, dalilin da ya wuce na lissafi. Ƙafafuna ba sa jin komai idan an taɓa su, amma da dare suna ƙuna tun daga gwiwa har tafin ƙafa, wani lokaci kuma a ji fizga ta taso daga ƙugu ta sauka. Idan na faɗi haka, mutane masu ƙaunata da gaske sukan dube ni da mamaki, su ce yaya ƙafar da ba ta ji za ta yi ciwo. Wasu sun ce damuwa ce, wasu sun ce iska ce, wani ma'aikacin lafiya ma ya taɓa nuna mini cewa magani kawai nake nema. Mu kuma an rene mu a kan haƙuri, namiji ba ya raki, saboda haka idan likita ya tambaye ni lamba nakan faɗi ƙasa da abin da nake ji don kada a ce na cika ƙorafi. Da za a samu abin da zai nuna ciwon a rubuce, da na daina rantsuwa kafin a yarda da ni.

Likita:
Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da kake ji sananne ne a likitance, kuma yana da dalili. Idan laka ta lalace, ƙwayoyin jijiya da ke kusa da raunin da waɗanda ke tashar karɓar saƙo a tsakiyar ƙwaƙwalwa sukan rasa saƙon da suka saba samu da kuma birkin da ke danne su, sai su riƙa harbawa da kansu, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara wannan a matsayin ciwo a ƙafa. Ba iska ba ce, ba kuma ƙirƙira ba ce.

Amma maganarka ita ce ta fi tsorata ni game da na'urar. Ka yi tunanin ranar da za ka ce ciwonka ya kai 8, wanda ke gabanka ya duba allo ya ga layin bugun zuciya a miƙe, ya ce na'ura ba ta nuna komai ba. A yau ana shakkar maganarka ba tare da hujja ba. A ranar za a yi shakkarta da takarda a hannu. Ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta bayyana cewa ciwo abu ne da mutum yake ji a karan kansa, ba a iya tabbatar da shi daga aikin jijiyoyi kaɗai, kuma wajibi ne a mutunta abin da mai ciwo ya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk na'urar da za a ƙirƙiro, da maganar majinyaci ake koya mata, kuma da maganarsa ake gwada ingancinta, don haka ba ta da hurumin ƙaryata shi.

Injiniya:
Na karɓi bayanin hanyoyin jijiya, Likita, amma ban yarda cewa ya rufe ƙofar ba. Da farko, ba kowa ne ya karye a wuya ba. Wanda rauninsa yake ƙasa da tsakiyar baya zuciyarsa da hannayensa suna amsa saƙo yadda ya kamata. Na biyu, ba a buƙatar ƙa'ida ɗaya ga kowa. Ana iya koya wa manhajar kwamfuta jikin mutum guda: ya ɗaura agogon na wasu makonni yana shigar da lambar ciwonsa a waya sau da yawa a rana, manhajar ta koyi yadda barcinsa da motsinsa da zuciyarsa suke a ranakun tsanani, ko da alamun nasa sun saɓa wa na kowa.

Na uku, ba agogo kaɗai ake ɗaurawa ba. Idan hanyar ƙasa ta katse, ana iya sauraren ƙwaƙwalwa kai tsaye. Masu bincike a Sidni sun nuna a 2008 cewa igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa na masu raunin laka da ke da zogin jijiya sun fi jan jiki idan aka kwatanta da na masu lafiya. Aleksandra Vuckovic ta Jami'ar Gilasgo, tare da cibiyar kula da raunin laka ta ƙasar Sikotlan, ta wallafa a 2018 cewa daga awon ƙwaƙwalwa da aka yi wa sababbin majinyata, manhaja ta iya ware waɗanda zogin zai kama daga baya da waɗanda ba zai kama ba, da daidaito sama da kashi 80 cikin ɗari. A 2019 kuma suka wallafa cewa sun ba majinyata hular awo ta Emotiv su tafi da ita gida, suna kallon igiyoyin ƙwaƙwalwarsu a allo suna koyon sarrafa su, kuma da yawa daga cikinsu sun ce ciwon ya ragu. Wannan ai ba mafarki ba ne.

Likita:
Aikin Gilasgo aiki ne mai kyau, kuma shi ne ya fi ba ni fata a duk abin da aka ambata, musamman batun gano wanda zogin zai kama tun kafin ya kama shi. Sai dai a lura da girmansa: kowane rukuni a nazarin 2018 kimanin mutum goma ne, na gida kuma bai wuce mutum ashirin ba. Manhajar da ta koyi aiki a kan 'yan mutane kaɗan takan yi rawar gani a kansu, ta kuma gaza idan aka kai ta wani asibiti. Haka kuma gane cewa mutum yana cikin masu zogi daban ne da gane cewa zoginsa ya tashi daga 4 zuwa 7 da ƙarfe biyu na dare. Waɗanda suka matso kusa da wannan na biyun su ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, waɗanda a 2023 suka hango tsananin ciwon da ya zauna daga saƙon sashen ƙwaƙwalwa da ke saman idanu. Amma mutum 4 ne kacal, ba masu raunin laka ba ne, kuma tiyata aka yi aka dasa musu wayoyi a cikin kai. Tsakanin wannan da agogon kasuwa akwai tafiya mai nisa.

Batun koya wa manhaja jikin mutum guda kuwa na yarda da shi, kuma ka lura cewa a tsarin da ka kawo, lambar da Malam zai shigar a waya ita ce ginshiƙi.

Likitar Fisiyo:
Ina gaishe ku duka. Ni a ganina an takura tambayar da yawa. Idan aka ce agogo ya faɗi yawan ciwo, zai gaza. Idan aka ce ya faɗi abin da ciwon yake hana mutum yi, a nan yana da amfani tun yau. Mu a ɗakin motsa jiki abin da muke son sani shi ne: sau nawa mutum ya farka da dare, awa nawa ya yi a gado da rana, ya fita waje ko bai fita ba, ya rage tura kekensa ko bai rage ba. Majinyaci zai iya cewa ciwonsa yana nan a 6 kafin magani da bayan magani, amma a ga cewa da yana barcin awa huɗu a gutsuttsure, yanzu yana yin shida a haɗe, ya kuma koma zuwa masallaci da kasuwa. Wannan ci gaba ne na gaske wanda lambar ba ta nuna ba. Akasin haka ma yana faruwa, mutum ya ce ya samu sauƙi alhali ya samu sauƙin ne don ya daina tashi daga gado.

Akwai kuma fizgar ƙafa da ɗaurewar tsoka, waɗanda sukan tashe mutum da dare su kuma tayar da zogi. Ƙaramar na'urar jin motsi da aka ɗaura a ƙafa tana iya ƙirga su, abin da majinyaci ba zai iya yi yana barci ba.

Gargaɗi biyu nake da su. Yawancin agogunan an gina su ne a kan taku, don haka lissafinsu ga mai keke yakan karkace. Apple Watch ya ƙara tsarin ƙirga turin keke tun 2016, amma masu arha da yawa ba su da shi. Na biyun ya fi muhimmanci: duk abin da za a ɗaura a fatar da ba ta ji yana iya cin fatar ba tare da mai ita ya sani ba. Mun san wahalar gyambon kwanciya, yadda yake farawa da ɗan ja ya zama rami. Idan an ɗaura wani abu a ƙafa ko a ƙirji ƙasa da wurin rauni, dole a kwance shi kullum a duba fatar, a kuma sauya masa wuri.

Hajiya Mai Jinya:
Salamu alaikum. Likita, ku gafarce ni idan na ɗan kauce. Ɗana ne ya faɗo daga bene ya karye a wuya, ni nake jinyarsa. Yana da wannan ƙunar da Malam ya kwatanta, amma akwai wani abu daban da yake tayar mini da hankali: wani lokaci kansa yakan sara farat ɗaya, fuskarsa ta yi ja, gumi ya keto masa daga wuya zuwa sama, hancinsa ya toshe. 'Yan'uwansa suna shawarar a haɗa kuɗi a saya masa irin wannan agogo don ya riƙa yi mana ƙararrawa. Shin zai yi wannan aikin?

Likita:
Hajiya, ba ki kauce ba, kin kawo abin da ya fi duk maganarmu gaggawa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wata matsala da ke samun masu rauni daga gaɓar ƙirji ta shida, T6, zuwa sama: wani abu yana damun jiki ƙasa da wurin rauni, galibi mafitsara ta cika ko robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe, ko bayan gida ya taru, ko tufafi sun matse, sai jijiyoyin jini su tsuke jini ya hau da sauri, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da hanyar aika saƙon da zai kwantar da shi. Yana iya kai wa ga farfaɗiya ko zubar jini a ƙwaƙwalwa idan aka yi sakaci.

Agogo ba shi ne maganin wannan ba. A irin wannan hali bugun zuciya sau da yawa raguwa yake yi, don haka agogon da ke jiran bugu ya ƙaru ba lallai ya yi ƙara ba, kuma awon jini na agogo bai kai a dogara da shi a nan ba. Ku sayi na'urar awon jini ta damtse, wadda ba ta kai kuɗin agogo mai kyau ba, ku auna shi a lokutan da yake lafiya ku san lambarsa ta kullum. Masu rauni a wuya lambarsu ta sama takan zauna tsakanin 90 da 110, saboda haka idan ta haura da 20 ko fiye, ko da 135 ce wadda ga wani ba komai ba ce, a wurinsa alama ce. Idan abin ya taso, ku zaunar da shi a miƙe ƙafafu a ƙasa, kada a kwantar da shi, ku sassauta duk abin da ya matse shi, ku duba robar fitsari nan take, ku riƙa maimaita awon bayan 'yan mintoci. Idan bai sauka ba, a tafi asibiti ba tare da jira ba. Kuma ki sanar da likitansa wannan bayanin da kika ba mu kafin ya sake faruwa.

Wannan ya kuma shafi muhawararmu. Ga mutum irin ɗanki, gumi da canjin bugun zuciya da agogo zai gani ba lallai zogin jijiya ba ne. Manhajar da za ta karanta su ta ce ciwo ne, a ba shi maganin zogi alhali roba ce ta toshe, ta jefa shi cikin haɗari.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Zan ƙara wani abu daga ɓangarenmu wanda masu gina manhaja kan manta. Magungunan da ƙa'idojin Kanada na 2016 suka sa a sahun farko don zogin jijiya bayan raunin laka su ne pregabalin da gabapentin da amitriptyline, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da pregabalin don wannan ciwon musamman a 2012. Kowannensu yana taɓa abin da agogon ke aunawa. Amitriptyline yana iya ƙara saurin zuciya ya rage bambancin tazarar bugu, wato alamar da manhaja za ta ɗauka a matsayin ƙaruwar ciwo, alhali mutum sauƙi ya samu. Pregabalin da gabapentin da baclofen, maganin ɗaurewar tsoka, suna sa gyangyaɗi, sai agogo ya rubuta barci mai yawa, a ɗauka ciwo ya lafa alhali magani ne ya kwantar da mutum. Oxybutynin da ake ba su don mafitsara yana rage gumi. Idan ba a rubuta abin da mutum ya sha da lokacin da ya sha ba, jadawalin ba ya fassaruwa.

Abu na biyu shi ne wanda zai ga bayanan. Pregabalin magani ne da ake shaye-shaye da shi, har Ingila ta sa shi cikin magungunan da ake tsaurara wa a 2019, mu kuma a nan mun san abin da tramadol ya jawo. Saboda haka akwai matsin lamba a kan masu rubuta magani, kuma ina jin tsoron a mayar da agogo abin tantance wanda ya cancanta. Bayanan barci da zirga-zirga suna kuma iya isa hannun kamfanin inshora ko wurin aiki. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma yawancin agogunan nan suna aika bayanansu ne zuwa rumbunan da ke wasu ƙasashe.

Injiniya:
Waɗannan duka abubuwa ne da ya kamata a shigar cikin lissafi, kuma zan ƙara ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Na'urorin da ke aiki da haske suna iya samun matsala da baƙar fata, domin launin fata yana shanye wani ɓangare na hasken. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun gano cewa na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ta kasa gano ƙarancin iska ga baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Game da bugun zuciya a agogo, wani nazari na Jami'ar Duke, shi ma a 2020, bai ga bambanci mai yawa tsakanin launukan fata ba, sai dai ya ga kuskure yana ƙaruwa sosai idan mutum yana motsi, mai tura keke kuwa wuyan hannunsa ne ke aiki. Ga kuma zafi: awon gumin fata da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Turai ba zai ba da sakamako iri ɗaya a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ba. Wannan a wurina dalili ne na mu yi namu gwajin a asibitocinmu, irin su asibitin ƙashi na Dala da ke Kano inda ake ganin masu raunin laka, ba dalilin nade hannu ba.

Malamin Makaranta:
Na saurara da kyau, kuma maganar Likita a kan ranar da allo zai ƙaryata ni ta shige ni. Duk da haka ban janye sha'awata ba, sai dai ta sauya fuska. Ina da ƙaramin agogo mai arha da ke nuna barci da bugun zuciya. Ta yaya zan yi amfani da shi yadda zai taimaki likitana ba tare da ya ruɗe mu ba?

Likitar Fisiyo:
Malam, ka haɗa shi da littafi. Safe da rana da dare ka rubuta lambar zogin daga 0 zuwa 10, lambar gaskiya ba ta kunya ba, ka kuma ware ta daga ciwon kafaɗa ko na baya idan akwai. A gefe ka rubuta maganin da ka sha da lokacinsa, yadda fitsari da bayan gida suke, ko akwai zazzaɓi, ko ka daɗe a zaune, ko wani abu ya ɓata maka rai. Daga agogon ka ɗauki abu biyu kawai, tsawon barci da bugun zuciya na hutu, ka bar sauran lambobin da yake bayarwa na gajiya da damuwa, domin ba a gina su don jiki irin naka ba. Bayan wata guda za ka fara ganin abin da ke tafiya tare. Mutane da yawa a nan suke gano cewa zoginsu yana tashi ne idan ciwon mafitsara yana shirin kama su ko ciki ya ɗaure, kuma bugun zuciya na hutu da ya hau kwana biyu a jere tare da ƙaruwar zogi dalili ne na a gwada fitsari kafin a ƙara magani. Idan kuma ka ga yawan duba agogon yana sa ka ƙara sauraren ciwon, ka rage dubawa zuwa sau ɗaya da safe.

Likita:
Na goyi bayan wannan, da ƙari ɗaya. Idan za a sauya magani, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a kwatanta makonnin da suka gabata da waɗanda suka biyo. A bincike, raguwar ciwo da kashi 30 cikin ɗari ake ɗauka a matsayin sauƙin da ya isa a kira shi sauƙi, wato daga 6 zuwa 4 nasara ce, domin da wuya magani ya kawar da wannan zogin gaba ɗaya. Kuma idan zogin ya canza kama, ya hau sama da inda yake, ko hannu ya fara rauni ko ji ya ragu a inda da ake ji, wannan ba na littafi ko agogo ba ne, hoton laka ake buƙata, domin ruwa yakan taru a cikin lakar shekaru bayan rauni.

Injiniya, idan da gaske kake batun gwaji a nan gida, ina da sharaɗi: a raba masu rauni sama da T6 da na ƙasa da ita tun daga farko, a rubuta magungunan kowa, kuma a rubuta a takardar amincewa cewa ba za a rage wa kowa magani saboda abin da na'ura ta nuna ba.

Injiniya:
Na amince da sharuɗɗan uku. Zan ƙara da cewa masu lalurar su zauna cikin waɗanda za su tsara gwajin, domin wanda yatsunsa ba sa riƙo shi zai faɗa mana ko zai iya ɗaura agogon da kansa, ya cire shi ya sa a caji, ya kuma shigar da lamba a waya ko sai an yi masa ta murya. Malam, idan Allah ya sa abin ya tabbata, za ka shiga?

Malamin Makaranta:
Zan shiga, in sha Allahu, muddin tambayoyin da wayar za ta riƙa yi mini da Hausa suke, kuma ba za ta tashe ni da dare don ta tambaye ni ko ina jin ciwo ba. Hajiya, akwai na'urar awon jini ta damtse a yawancin manyan shagunan magani. Ki nemi mai batir, ki kuma tabbatar ɗamararta ta yi daidai da kaurin hannunsa kafin ki biya.